Kasaken da Na Jiƙa a Kogin Gashua

Da ƙarfe tara na safe, wata Laraba a tsakiyar damina, na sa hannu cikin kogin Gashua na ɗago kasko na farko, na gan shi tas kamar yanzu ya fito daga wuta. Na ɗago na biyu, shi ma haka. Na bi igiyar har ƙarshenta, babu ko ɗaya mai ɗigon kore. A sana'armu babu abin tashin hankali kamar kasko mai tsabta.

Jikata da ƙawayenta masu karatun kimiyya sukan zo su zauna mini a tabarma su ce, "Kaka, ai aikinku na dā ɗibar ruwa ne a kwalba." To, ku gyara zama in ba ku labarin ɗibar ruwan.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, mahaifina malamin asibiti ne a Nguru. Ni kuwa na dawo daga makarantar 'yan mata a Kano, ina zaune a gida ba na komai sai karatu. In littafi ya ƙare sai in koma karanta takardun jikin kwalaben magani. A lokacin wata Baturiya ta sauka a wani tsohon sito kusa da tashar jirgi, tana binciken tsargiya, cutar nan da ke sa yara fitsarin jini. Cutar a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa take renuwa, su kuma dodon koɗin gansakuka suke ci, wannan koren abu mai santsi da ke kama duk abin da ya daɗe a ruwa. Saboda haka wanda zai san cutar sai ya san dodon koɗi, wanda zai san dodon koɗi sai ya san tuwonsa. Mutanen gari ba su tsaya wannan dogon lissafi ba. Sun ga mace tana yawo a tafki da rariya, suka sa mata Uwar Kwaɗi, sunan ya bi ta har ta bar ƙasar.

Ita ce ta zo asibiti tana neman yarinya mai iya rubutu wadda ba ta da surutu.

Baba ya ce, "In shiru kike nema, kin zo gida. Hajara sai ta yini ba a san tana nan ba."

Ya ba ni shekara guda. Ita kuma ta ce in na kai mata aikin shekara cif, daga cikar kogi zuwa wata cikar, za ta rubuta a ɗauke ni ma'aikaciya sosai a ɗakin gwaji. In ban kai ba, in koma ga kwalaben Baba.

Aikin farko da ta ba ni, tsintar ƙwari ne daga tire. Za ta juye laka da ciyawar tafki a farin tire, ta miƙo mini hantsaki, ta tafi abinta. Da farko ba ka ganin komai sai laka. Sai ka riƙe numfashinka ruwan ya kwanta, sannan lakar ta fara motsi. Ga ɗan mazari tun bai yi fiffike ba, mummuna, yana tafiya kamar mai bin sawun ɓarawo. Ga jar tsutsa siririya kamar zaren ɗinki. Ga wata mai gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi tana ja da shi duk inda za ta. Ga matsattsaku, wanda in ka yi sakaci zai bar tiren ya koma kan yatsanka. Kowanne da kwalbarsa, kowace kwalba da 'yar takarda a ciki, kuma da fensir ake rubutawa, don tawada narkewa take a sifirit, ruwan maganin da ake jiƙa ƙwarin a ciki. Wannan darasi ba a faɗa mini ba. Na tashi da safe na tarar da kwalabena duk sun yi shuɗi kamar an kai su marina.

Dodon koɗi kuma a kofin gilas ake sa su, a ajiye a rana. In mai cuta ne, kafin azahar za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu wutsiya biyu suna fita daga jikinsa suna iyo. Su ne ke shiga fatar mutum. Daga ranar da na gan su da idona ban sake shiga ruwa ba tare da takalmin roba ba. Takalmin na wani Bature ne da ya tafi, har gwiwa yake kai mini, in na ɗaga ƙafa sai ya yi shawara kafin ya biyo ni.

Sai gansakuka. A ido dai ƙazanta ce. A ƙarƙashin madubin gwaji kuwa, akwai mai kama da tsakiya an zura ta a zare, akwai mai kama da kwalekwale, akwai mai zane kamar aikin hula. Uwar Kwaɗi ta sa ni zana su har hannuna ya faɗa. Hausarta ta jarrabawa ce, ba ta kuskure, amma ba mai irinta a kasuwa. In zanena ya yi kyau sai ta ce, "Wannan ya gamshe ni." In bai yi ba sai ta ce, "Malama Hajara, abin da kika gani za ki zana, ba abin da kike fata ba."

A ƙasarsu, in ji ta, duwatsun rafi ake ɗagawa a kankare. Kogin namu kuwa yashi ne da laka, sai ka yi yini ba ka ga dutsen da za ka jefi kare ba. Saboda haka muka je wurin wata mai ginin tukwane a Nguru muka sa ta yi mana ƙananan kasake, duk girmansu ɗaya, kowanne da huda a baki don igiya.

Matar ta ce, "Miya za a zuba ko turaren wuta?"

Na ce, "A ruwa za a sa."

Ta dube ni, ta dubi Baturiyar, ta ci gaba da murza yumɓunta.

Ga yadda ake yi. A kafa turke, a ɗaura igiya, a jera kasaken a ƙasan ruwa fuskarsu sama, a bar su. Cikin 'yan makonni gansakuka za ta kama, dodon koɗi su zo kiwo, sauran ƙwari su biyo baya, kasko ya zama gari guda. Ranar ɗagowa ba a fizgo shi. Tiren ake nutsarwa a hankali a zura kaskon ciki tun yana ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba rabin mutanen garin sun gudu. Sannan a tsince ƙwarin, a goge gansakukar da buroshin haƙori cikin kwalba, a auna zafin ruwa, a rubuta. Layi biyu muka kafa, ɗaya a tafkin Nguru inda masunta ke fita da gorunansu, ɗaya a Gashua, a mawankar mata, inda yara suka fi shiga ruwa.

Mawankar matan ita ce dalilin ɗaukata. Namiji ba ya zuwa wurin. Uwar Kwaɗi kuma in ta je, wanki yakan tsaya, rabin unguwa su faɗo ruwa kallo, a dame wurin har ba abin da zai aunu. Ni kuwa ba mai kula ni. In zo, in yi sallama can ƙasa-ƙasa, in shiga da takalmina, in fito, in hau kitika, motar aikinmu, mu koma Nguru. Watannin farko haka aka yi, kasakena suna fitowa kore shar, dodon koɗi manne a jiki.

Da ruwan sama ya kankama, hanyar mota ta lalace. Aka yanke shawara in zauna a Gashua in riƙa aiko da kwalabe a motar 'yan kasuwa. Malam Bukar masinja, wanda ke yi mana tafinta, ya kai ni gidan gwaggonsa Ya Zara. Tsohuwa ce mai sana'ar banda, gidanta kullum ƙamshin hayaƙi da tarwaɗa, kuma a mawanka in ta yi magana an gama. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ce malamar? Bukar, ba a ba ta abinci a Nguru?"

Ya ce, "Karatu ne, Ya Zara."

"Karatu. To 'yata, ajiye takalmin dokin nan ki zo ki ci tuwo."

Daga ranar na zama 'yar Ya Zara. A mawanka mata suka fara gaishe ni, wata da Badanci, yaren garin, wata da wushe-wushen Barebari, wata da Hausa mai ɗan karkata. Ni dai in sunkuyar da kai in ce lafiya lau. Ba wadda ta tambaye ni abin da nake yi da kasake a ruwa, ni ma ban ga ta inda zan fara ba.

Bayan haka da 'yan makonni ne na ɗago kasaken nan tas.

Na rubuta abin da na gani, kamar yadda aka koya mini. Babu gansakuka. Babu dodon koɗi. Kasake duk suna nan, ba wanda ya ɓace, igiya lafiya. Na ƙara da cewa a kife na same su, fuska ƙasa. Na birkice su na mayar. Mako ya zagayo, na same su tas, a kife. Na aika da kwalabe da ruwa garau a ciki, kamar mai aika wa mara lafiya rubutu.

Amsa ta zo daga Nguru a bakin Malam Bukar. Kasaken tafki suna nan kore kamar kullum, saboda haka abin na Gashua ne. Kifewar, in ji ta, ƙarfin ruwa ne, tunda kogi na cika. Rashin gansakukar kuwa, a bincika ko an zuba magimfa, ganyen nan da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu.

Muka je wurin Sarkin Ruwa. Malam Bukar ya yi tambayar, ni ina bayansa. Sarkin Ruwa ya ce magimfa da damina, a ruwa mai gudu, sai wanda ganyen ya yi wa yawa. Ya aika aka kawo ƙwarya cike da karfasa suna ta tsalle, ya ce a tambaye su ko sun sha wani abu. Malam Bukar ya ce to, ko akwai mai taɓa kayan gwamnati a mawankar mata?

"Ni da na san abin da ake yi a mawankar mata," in ji Sarkin Ruwa, "da tuni an tuɓe ni."

Sai aka koma kan sabulu da toka. Wataƙila ruwan wanki ke kashe komai. Na cire turke na mai da shi sama da inda ake wanki, ruwa har ƙugu, takalmina ya cika ya zama randa biyu. Mata na bakin gaɓa suna ba ni shawara. Wata ta ce in matsa dama akwai rami. Wata ta ce a bar ta, 'yar makaranta ce, ramin ma a littafi ta san shi. Mako ya zagayo. Tas, a kife.

Na zargi shanun Fulani da ke sauka shan ruwa, na bi sawunsu na ga ba su kai wurin ba. Na zargi kifi, na sa Malam Bukar ya samo tsohuwar komar kamun kifi muka kewaye kasake biyu. Na tarar da su tas, komar kuma an ɗinke mata wata ɓarakar da na san da ita. Wannan ma na rubuta, ban san me zan yi da shi ba. Na ɗauki yini-yini ina zaune a gaɓa da littafi a cinya ina gadi, ba abin da ya kusanci turken sai wani zalɓe. Ranar kasuwa ce kaɗai ba na zuwa, don a ranar nake shirya kwalabe cikin akwati da ciyawa in kai tasha, in jira direban da zai yarda ya ɗauki kayan da ba a son girgiza.

A gida kuwa Ya Zara ta ɗauki wani sabon hali. Kullum bayan cin tuwo sai ta tara mini kwanuka ta zauna tana kallo.

"Ba haka ba. Toka tukuna, sannan soso. Bayan kwanon ma kwano ne. Mahaifiyarki tana nan da rai?"

"Tana nan, Ya Zara."

"Allah ya ba ta haƙuri."

Na ɗauka halin tsofaffi ne. Na wanke, na ɗauraye, na kife su a kan gadon kara kamar yadda ta nuna mini.

Ruwa ya kai iyakarsa ya fara ja. Wata rana Baba ya aiko da saƙo cewa an ce masa aikin ba ya tafiya, in babu abin yi in dawo, akwai kwalaben da ke jiran mai karanta su. Bayan shi sai ga saƙon Uwar Kwaɗi. Ta ce ba ta zargina da komai, amma watanni sun tafi a wofi, kuma waɗanda suka aiko ta ba za su karɓi ruwa garau a matsayin aiki ba. Hanya ta bushe, tana zuwa da kanta. In ba a gano dalili ba za ta cire turken Gashua. Ba sai an faɗa mini sauran ba, don saboda turken nan aka ɗauke ni.

Ta iso da hantsi. Kamar kullum wanki ya tsaya, amma Ya Zara ta daka wa yara tsawa ba wanda ya shiga ruwa. Muka shiga ni da Uwar Kwaɗi. Ta ɗago kasko ta juya shi, ta shinshina, ta fito da ƙaramin madubinta ta duba.

"Malama Hajara, akwai ƙananan zane a jikin wannan. Kamar an goga yashi."

Na ce, "Ko ruwa ne ke jan su a ƙasa?"

"Mai yiwuwa." Ta juyo ta dube ni. "Kin tambayi matan nan?"

"An tambayi Sarkin Ruwa."

"Ke, kin tambaye su?"

Na girgiza kai. Ta kama turken da hannu biyu ta fara jijjiga shi.

Na fito daga ruwa, takalmi na biyo ni a hankali, na tsaya gaban mata wajen ashirin. Tun zuwana garin ban taɓa haɗa kalma biyar a wurin nan ba. Na ce, "Ya Zara, don Allah, kasaken nan nawa, ko kun san abin da ke cinye koren da ke jikinsu?"

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki da zani. Ya Zara ta harare ta, ta matso kusa da ni, ta rage murya don kada Baturiya ta ji, amma muryar Ya Zara ko an rage ta tana kaiwa tsallaken kogi.

"'Yata, ba sai kin gode a gaban mutane ba."

"Na gode da me?"

"Sabon kasko kwana ɗaya ake jiƙa shi. Ke kin jiƙa naki kin manta, har abubuwa sun yi gida a ciki. Da kina baƙuwa mun zuba miki ido. Da kika shigo gidana kuwa, sai a ce 'yar Zara ce ƙazama. Ranar kasuwa in kin tafi tasha, ni da Fanna da waccan mai dariyar mukan fito da su."

Fanna ta ce, "Har da yashi muke sawa. Koren nan taurin kai gare shi."

"Dodon koɗin fa?"

"Agwagina," in ji mai dariyar. "Sun yi ƙiba, Allah ya saka miki."

Na juya don in fassara, na tarar ba a bukata. Uwar Kwaɗi ta saki turken, ta fito, ta zauna daɓas a yashi da jiƙaƙƙen siket, tana dariya har hularta ta faɗi. Da ta samu numfashi ta ce, "Kuma a kife."

Ya Zara ta ce, "To a buɗe ake barin kwano in an wanke? Bukar ya ce Baturiyar nan likita ce."

Nan na yi bayanin da ya kamata a ji tun farkon damina, kuma shi ne jawabi mafi tsawo da na yi a rayuwata har zuwa ranar. Na ce koren shi ne abin da muke nema. Na ce shi dodon koɗi ke ci, kuma daga jikin dodon koɗi abin da ke sa yara fitsarin jini yake fitowa. Na ɗauko madubin Baturiya na kankaro gansakuka daga jikin turke na nuna musu, suka riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Fanna ta ce ita ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Wata ta ce ai fitsarin jini girma ne, duk ɗa namiji sai ya yi. Mai agwagi ta tambaya ko agwaginta ma za su kamu. Ya Zara ba ta leƙa ba. Ta naɗe hannu tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Wato ƙazantar ake biyanki ki tara."

"Ita ce aikin, Ya Zara."

"Mahaifinki ya sani?"

"Shi ya kawo ni."

Uwar Kwaɗi ta miƙe ta karkaɗe yashi. Ta ce da ni, a gabansu, shekarar nan ta tafi, amma dalili ya samu, kuma dalili ne da za ta iya rubutawa ko da za a yi mata dariya. Za ta nemi wata shekara a sake daga farko, da ni, ita za ta je wurin Baba da kanta. Sai dai in kasaken za su ci gaba da shan wanka, gara ta cire turken yau kowa ya huta.

Daga nan na yi shekaru masu yawa ina wannan aiki, a koguna da tafkuna da ba zan iya lissafa muku ba, kuma duk inda na je kafa turke, kafin in taɓa ruwa sai na nemi babbar matar wurin na zauna na yi mata bayani har ta gaji. Amma a ranar ban san da wannan ba. Abin da na sani shi ne mata ashirin suna jiran tsohuwa ɗaya.

Na ce, "Ya Zara, za ku bar mini su da dattinsu?"

Ta dubi kasaken, ta dubi takalmina, ta dubi Uwar Kwaɗi da ruwa ke ɗiga daga siket ɗinta.

"Za mu bar su. Amma ki mai da turken bayan badon can, inda masu wucewa ba sa gani. Kuma duk wanda ya tambaya, kasaken Baturiya ne. Ita ta riga ta girma a haka, ba mai gyara ta. Ke kuwa tuwona kike ci."